Wadatar da Alkawarin Allah Yake Nufi

A majami'u da yawa a nan Jos, musamman a sujadar daren 31 ga Disamba da ranakun godiya, akwai ayar da ba ta rasa mai karanta ta, wato Maimaitawar Shari'a 29:9, inda Musa ya gargaɗi Isra'ilawa su kiyaye maganar alkawari, su kuma aikata ta, domin su yi nasara a cikin dukan abin da suka sa hannu. Da zarar mai wa'azi ya kai ƙarshen ayar, sai "Amin" ta cika majami'a, ni ma da ni ake amsawa, domin babu wanda ba ya son Allah ya sa wa sana'arsa albarka. Abin da ya dame ni shi ne saurin da muke yi mu wuce rabin farko na ayar. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi abin da maganar alkawarin ta ƙunsa ba, alhali kuwa amsar wannan tambaya ce take bayyana irin wadatar da Allah ya yi nufi.

A ƙasar Mowab Musa ya yi wannan jawabi, ga jama'ar da ta shafe shekara 40 a jeji, wadda ba ta haye Kogin Urdun zuwa ƙasar Kan'ana ba tukuna. Bayan ya kafa tushe, wato su ƙaunaci Ubangiji shi kaɗai, su nisanci gumaka, sai ya gangaro zuwa al'amuran kasuwa da gona da bashi. A sura 24 an umarta a biya ɗan ƙwadago hakkinsa a ranar da ya yi aiki, kafin rana ta faɗi, saboda shi matalauci ne, a kan kuɗin nan ya sa rai. An hana karɓar dutsen niƙa a matsayin jingina, domin wanda ya karɓe shi ya karɓe abincin gida ne gaba ɗaya, kuma idan talaka ya jinginar da mayafinsa, dole a mayar masa kafin dare don ya sami abin rufa. Manomin da ya manta da dami a gona ba zai koma ya ɗauka ba, na baƙo ne da maraya da gwauruwa. A sura 25 an haramta wa ɗan kasuwa ajiye ma'auni iri biyu, babba na saye da ƙarami na sayarwa, an kuma kira mai yin haka abin ƙyama ga Ubangiji. A sura 15 kuwa an ce a yafe basusuka a ƙarshen kowace shekara 7, har aka ja kunnen mai hali kada ya ƙi ba da rance don ya ga shekarar yafewa ta matso.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Katako ko kayan gwari a Farin Gada ba ya bukatar a yi masa sharhi a kan waɗannan dokoki. Mun san mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, mun san buhun dankali da aka jera manya a baki aka cusa ƙanana da ruɓaɓɓu a ƙasa. Mun kuma san leburan da ya wuni yana ɗaukar bulo a wurin ginin wani babban mutum, da yamma a ce masa maigida ya fita, ya dawo gobe. Abin baƙin ciki, wani lokaci maigidan nan shi ne zai tashi ran Lahadi ya ba da shaida cewa Allah ya gina masa gida. Bisa ga abin da Musa ya rubuta, wannan mutum ya karya alkawari tun ran Asabar, kuma yawan baikon da ya saka ba zai gyara abin da ya ɓata ba sai ya nemi leburan ya biya shi.

Idan aka dubi dokokin tare, sai a gane yadda biyayya take haifar da wadata. Musa ya ce a 15:4 ba za a sami matalauci a cikinsu ba muddin sun yi biyayya, kuma ya nuna hanyar da hakan zai faru: bashi ba zai zama gado ba, ma'aikaci ba zai kwana da yunwa ba, kasuwa za ta tsaya a kan amana. Ko zakar da muke yawan wa'azi a kanta tana da wannan fuska, domin a 14:28-29 an ce a ƙarshen kowace shekara 3 a tara ta a cikin gari don Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Masu karanta Malakai 3:10 a kan buɗe tagogin sama ya kamata su ɗan koma baya zuwa aya ta 5, inda Allah ya ce zai zama mai shaida a kan masu danne hakkin ma'aikata da masu zaluntar gwauraye da marayu. Wadatar alkawari ta al'umma ce, ana auna ta da halin da mafi rauni yake ciki. Garin da mutum ɗaya ya gina benaye alhali maƙwabtansa suna cire 'ya'yansu daga makaranta bai kai ga abin da Musa ya kwatanta ba.

Haka batun hikima yake. A 4:6 Musa ya ce kiyaye dokokin nan shi ne zai zama hikimarsu da fahiminsu a idon al'ummai. Mu mutanen Filato muna da dalili na musamman na karanta Ayuba 28, domin surar ta fara da aikin haƙar ma'adinai. Ta kwatanta mutanen da ke haƙa rami nesa da gari, suna reto a cikin duhu, suna fasa duwatsu, suna tare ruwa don su fito da abin da ke ɓoye, sannan ta tambaya ina za a sami hikima, tun da zurfin ƙasa da teku duk sun ce ba ta wurinsu, zinariya kuma ba ta sayenta. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka yi ta kwasar kuza daga Bukuru da Rayfield da Barkin Ladi, aka sami dukiya mai yawa, aka nuna gwaninta wajen injuna da karkatar da ruwa, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma har tilasta wa mutane aka yi su zo su yi aikin. Yau kududdufai aka bar mana, waɗansu ana noman rani da su, waɗansu suna cin rayukan yara da dabbobi, gonakin kakanni da yawa kuma ba su sāke komawa yadda suke ba. An san hanyar fito da arziki daga ƙasa, amma ba a damu da ƙasar ko da mutanen da ke kanta ba. Amsar da surar ta bayar a aya ta 28 ita ce tsoron Ubangiji shi ne hikima, rabuwa da mugunta kuma shi ne fahimi.

Babu wanda ya fi Sulemanu nuna cewa basira da dukiya ba sa tsayawa idan an saki alkawari. A Gibeyon ya roƙi zuciya mai ganewa, Allah ya ba shi, ya ƙara masa da arziki. Amma Maimaitawar Shari'a 17 ta riga ta gindaya wa sarki sharuɗɗa: kada ya tara dawakai ko ya aika Masar neman su, kada ya tara mata, kada ya tara azurfa da zinariya. Littafin Sarakuna na fari ya nuna yadda ya taka su ɗaya bayan ɗaya, da zinariya talanti 666 a kowace shekara, da karusai 1,400 da dawakan da ake kawowa daga Masar, da mata 700 da ƙwaraƙwarai 300 waɗanda suka juya zuciyarsa ga gumaka, ga kuma mutum 30,000 da ya ɗiba aikin dole zuwa Lebanon. Da a ce yau ne, da an gayyace shi ya yi jawabi a taron 'yan kasuwa na ikkilisiya. Amma bayan rasuwarsa jama'a suka zo wurin ɗansa Rehobowam suna kuka da nauyin da aka ɗora musu, ya ƙi sauraro, kabilu 10 suka ɓalle. Mulkin da aka gina a shekara 40 ya tsage a hannun magajin farko.

Saboda haka nake jin tsoron koyarwar da ta mai da alkawari ciniki, inda ake cewa ka shuka iri na kuɗi kaza, Allah zai ninka maka kafin wata ya ƙare. Masu wannan koyarwa suna son Maimaitawar Shari'a 8:18, wadda ta ce Ubangiji ne yake ba da ikon samun dukiya, amma ayar gargaɗi ce ga wanda ya riga ya ƙoshi, kada ya ce ƙarfin hannunsa ne ya kawo masa. Zuciyar da aka koya wa jiran ninki ba tare da aiki ba ita ce ta fi saukin faɗawa hannun mayaudara. Lokacin da MMM, wata harkar zuba kuɗi ta damfara a intanet, ta rufe asusun mutane a Disamba 2016, bayan ta yi ta alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, masu bi da yawa suna cikin waɗanda suka yi asara, waɗansu ma ɗan'uwa ne a cikin majami'a ya shigar da su.

Akwai tambayar da ba zan kauce mata ba, domin tana zaune a kujerun majami'unmu. Me za a ce wa matar da ba ta taɓa tauye mudu ba, amma shagonta ya ƙone tare da babbar kasuwar Terminus a 2002, ko wadda rikicin 2001 ko na 2008 ya mai da ita gwauruwa? Laifi ne babba a ce mata rashin biyayya ne ya jawo mata, domin irin maganar da abokan Ayuba suka yi ke nan, Allah kuwa ya husata da su. Asaf ya faɗa a Zabura 73 cewa ƙafarsa ta kusa zamewa da ya ga mugaye suna ƙiba shi yana shan wahala. Annabi Irmiya ya yi biyayya har aka jefa shi a rijiya. Yesu Almasihu, wanda ya ɗauki ƙoƙo ya ce shi ne sabon alkawari a cikin jininsa, bai sami wurin sa kansa ba. A sabon alkawarin, wanda Irmiya 31 ta ce za a rubuta a zuciya, abin da aka tabbatar mana shi ne gafara da sanin Allah da zamansa tare da mu, Bulus kuma ya gaya wa Timoti cewa ibada tare da wadar zuci riba ce mai girma. Gwauruwar nan ba ta karya alkawari ba. Tambayar tana kan ikkilisiyar da ke kewaye da ita, ko ta cika nata ɓangaren, tun da Musa da ya ce ba za a sami matalauci ba shi ne ya ce a 15:11 matalauta ba za su ƙare ba, don haka a buɗe musu hannu.

Irmiya 22 ta gwama sarakuna biyu, uba da ɗa. Yehoyakim ya gina fada mai faɗi da katakon al'ul, ya sa mutane aiki bai biya su ba. Mahaifinsa Yosiya kuwa ya ci, ya sha, ya yi adalci, ya tsaya wa matalauci, al'amura suka yi masa kyau, Ubangiji kuma ya ce wannan shi ne saninsa. Ina so dattawan ikkilisiyoyinmu su ɗauki wannan sura su shiga da ita taron kasafin kuɗi. Kafin a amince da sabon gini ko motar fasto, a fara duba ko an biya maigadi da mai shara da malaman makarantar ikkilisiya albashinsu na watan jiya, a duba nawa aka ware wa gwauraye da marayu idan aka kwatanta da kuɗin fenti da na'urar sauti, a kuma tambayi zumuntar mata sunayen yaran da aka koro daga makaranta a wannan zango saboda kuɗin makaranta.