Yadda Na Raba Akwatin Kayan Aikin Kawu da Tsatsa

A Katsina, ƙarfen da ya yi tsatsa ba ya daɗewa a gida. Da zarar 'yan gwangwan sun biyo layi da baro da sikeli, sai a kwaso tsohuwar tukunya da karyayyen gado da duk abin da aka gaji da gani, a auna, a karɓi abin da ya samu. Ba ni da ja da wannan sana'a, domin tana ciyar da gidaje da yawa, kuma ƙarfen da ake tarawa narkar da shi ake yi a sake amfani da shi. Abin da ke damuna shi ne yadda kayan da suke da sauran shekaru masu yawa na aiki suke bin wannan hanya, ba don sun lalace ba, sai don sun yi ja a ido. Akwatin kayan aikin kawuna saura ƙiris ya bi ta.

Kawu bakanike ne da ya yi zamaninsa a wani gareji da ke wajen Ƙofar Ƙaura, lokacin da Fijo 504 take cin kasuwarta a hanyoyin Arewa, bayan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Akwatin irin mai hawa-hawa ne: idan ka ja hannayensa biyu gefe da gefe, sai tire huɗu su baje, biyu dama biyu hagu, babban cikin ya bayyana a ƙasa. Asalinsa shuɗi ne. Da shekaru suka ja Kawu ya ajiye aiki, sai akwatin ya koma ɗakin ajiya, a kan siminti, jingine da bango, damina tana zuwa tana wucewa. Ranar da na ɗauko shi, gindinsa ya yi ɓawo, kana taɓawa yana zuba, fentin murfin ya kumbura ya tsattsage, kuma a kusurwa ɗaya akwai hujin da kan yatsa zai shiga. Amma da na kwashe sifanu da notuna da tsofaffin filogin da ke ciki, na kankare daskararren giris ɗin da ya lulluɓe tire na sama, sai ga ƙarfe fes, shuɗin fentinsa yana nan yadda yake.

Wannan bambanci tsakanin gindi da tire shi ne bayanin tsatsa gaba ɗaya. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iskar oksijin sun haɗu a kansa, kuma giris ya hana su duka biyu isa ga tiren. Mutane da yawa suna ganin tunda garinmu busasshe ne, tsatsa matsalar 'yan bakin teku ce. Gaskiya ne cewa hunturu da bazara ba sa cutar da ƙarfe, amma daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta, danshi yana tasowa ta siminti da bango, kuma gindin akwatin da ke zaune a ƙasa ba ya samun iskar da za ta busar da shi. Ƙurar da hunturu ya tara ita ma tana riƙe laima. Sannan tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, kuma jikinta duk kafofi ne, saboda haka tana ɗaga fenti ta fasa shi, ruwa ya ƙara samun hanya. Wannan ne ya sa ban yarda da abin da na ga ana yawan yi wa ƙofofi da tagogi ba, wato a ɗan share sama-sama a malala sabon fenti. Tsatsar tana nan a ƙasa tana cin ƙarfe, kuma damina ɗaya ta isa ta tona asirin aikin.

Abu na farko da na yi shi ne bin jikin akwatin da bakin sukudireba ina dannawa, don in san inda ƙarfen yake da sauran kauri da inda ya mutu. Ban da kusurwar nan, ko'ina ya tsaya da ƙarfinsa. Daga nan na wanke shi da kananzir da tsohon burushi har maiƙon ya narke, na bi da garin sabulu da ruwan ɗumi. Wanke maiƙo dole ne ya zo kafin komai, domin abin da zai ci tsatsa ba ya ratsa mai, samfefa kuma toshewa take yi idan ta hau giris.

Akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba. Tsofaffin fenti da yawa suna ɗauke da dalma, kuma ba a gane hakan da ido. Mu maƙwabtan Zamfara ba ma bukatar dogon bayani a kan gubar dalma, tunda a 2010 yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan jihar saboda ƙurar duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje don neman zinariya. Ƙurar fentin akwati ɗaya ba ta kai wannan ba, amma dalma ko kaɗan ce tana cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Don haka na yi aikin a waje, nesa da madafa da wurin wasan yara, na shimfiɗa buhu a ƙasa, na sa takunkumi da safar hannu, kuma ina jiƙa wurin da ruwa kafin in goga don kada ƙura ta tashi. Wanda kuma ƙarfe ya yanka, ya je asibiti a duba batun allurar tetanus, domin ƙwayar cutar tana zama a ƙasa da dattin da ke manne da irin waɗannan kaya.

Burushin waya ya kwashe ɓawon da ke sama, amma bai isa cikin ƙananan ramukan da tsatsa ta haƙa ba, kuma nan ne ruwan kal ya yi amfani. Farin ruwan kal da ake sayarwa a shaguna yana da asid kusan kashi 5 cikin 100, wanda ya isa ya narkar da tsatsa a hankali ba tare da ya ƙona hannu ba. Ƙananan kaya na tsoma su a roba. Jikin akwatin kuwa ya fi ƙarfin roba, sai na jiƙa tsummoki na shimfiɗa a wuraren da suka yi tsatsa, na naɗe da leda don kada zafin gari ya busar da su, na bar shi ya kwana. Da safe tsummokin sun koma ruwan ƙasa, kuma da na sa burushi sai wani baƙin taɓo ya riƙa fita, ƙarfe mai ruwan toka yana bayyana a ƙarƙashinsa, da ɗigo-ɗigon ramukan da tsatsa ta bari. Inda ta yi kauri sai da aka maimaita. Ruwan tsamiya da lemun tsami su ma suna yin wannan aiki, kuma matanmu sun daɗe suna goge kwanukan tagulla da su. Amma ba a barin ƙarfe a cikin tsami fiye da kima, domin idan ya gama da tsatsar zai koma kan lafiyayyen ƙarfen. Ruwan batir kuwa, da na ji wasu suna ba da shawararsa, ina roƙon kada a kusance shi: yana ƙona fata, yana makantarwa, kuma ƙarfe marar kauri ba ya jure masa.

Bayan tsami sai kanwa. Na jiƙa ta a bokiti na wanke akwatin da ruwanta, saboda kanwa tana kashe kaifin asid ɗin da ya maƙale a lunguna da gaɓoɓi, sannan na ɗauraye da ruwa mai tsabta. A nan ake bukatar hanzari. Ƙarfen da aka tuɓe wa fenti da tsatsa, idan aka bar shi da laima, kafin ka gama shan shayi ya fara yin ja-ja. Na tsane shi da busasshen ƙyalle, na buɗe shi gaba ɗaya na kifa a rana, ina juya shi har ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai.

Hujin kusurwa ya fi ƙarfina, sai na kai wa wani dattijo mai gyaran jikin mota. Ya juya akwatin, ya ƙwanƙwasa gindin da bayan yatsa, ya ce, “Malam, wannan ba na waldar lantarki ba ne. Ƙarfen ba kauri, wuta za ta cinye shi, huji ɗaya ya zama uku.” Ya yanke wurin da ya mutu har ya kai ga ƙarfe mai rai, ya yanko faci daga tsohuwar ƙofar mota, ya liƙa da waldar gas, yana tafiya kaɗan-kaɗan yana barin wurin ya huce don kada ya lanƙwashe. Da ya gama sai ya ce zai cike lotsattsun wuraren da fila, ya fito sumul kamar sabo. Na ce, “Baba, a bar su haka.” Dalilina shi ne akwatin aiki kullum cikin buguwa yake, fila kuma tsagewa take yi idan ta sha bugu, ruwa ya shiga ƙarƙashinta, a koma gidan jiya. Lotsawar da ke hana murfi rufuwa kaɗai muka miƙar, da guduma da guntun katako a ƙasa. Sauran ba su hana komai ba, kuma shaida ce cewa akwatin ya yi aiki.

Samfefa ita ce ta fi cin lokaci, kuma babu dabara a cikinta sai haƙuri. Na fara da mai lamba 80 a wuraren da suka yi kaushi da bakin waldar, na koma 180, na ƙarasa da 320 wadda ta fi laushi. Inda tsohon fenti ya kama da kyau ban tilasta cire shi ba, na dai goge shi har ƙyallinsa ya dushe, na daidaita gefensa da ƙarfen yadda yatsa ba zai ji tudu ba. Sannan na share ko'ina da tsumma da tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, kuma daga nan ban sake taɓa shi da hannu tsirara ba, domin gumin hannu yana da gishiri da maiƙo.

A ranar na shafa fentin farko, wato jan nan da masu walda suke shafa wa ƙofofi kafin fentin ado, wanda aikinsa shi ne kama ƙarfe da tare tsatsa. Na shafa shi siriri, ya bushe, na ƙara. Bayan haka fentin mai shuɗi ya biyo baya, shi ma siriri sau biyu, da goga samfefa mai laushi a tsakani. Fenti mai kauri samansa ne yake bushewa cikin ya zauna ɗanye, sai ya zuba ko ya yamutse. Lokacin da aka zaɓa ma yana da muhimmanci a garinmu. A damina laima tana hana bushewa, a tsakiyar hunturu ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti ta bar shi da kaushi, a bazara kuma, da zafi ke haura digiri 40, ƙarfen yana ɗaukar zafi har fentin ya bushe a bakin burushi. Ni kaka na zaɓa, bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba, da safe, a inuwa. Gaɓoɓin da tire ke juyawa a kansu ban cika su da fenti ba don kada su ƙage, hannayen kuma na bar su ƙarfe zalla na shafa musu mai, tunda duk fentin da aka sa a nan tafin hannu ne zai cinye shi. Fentin mai yana bushewa a taɓa cikin yini guda, amma bai yi taurin ɗaukar sifana da guduma ba sai ya samu mako ko fiye, saboda haka na bar akwatin a buɗe har warin ya tafi.

Da ya yi tauri na ɗiga man inji a kowace gaɓa, na yanka tsohon tif ɗin mota na shimfiɗa a cikin tire don kayan aiki su daina kwarzane fentin. Robar ba a liƙe take ba, domin in riƙa ɗagawa ina duba ko laima ta shiga ƙarƙashinta. Sifanun Kawu su ma sun sha ruwan kal da kanwa, kuma kowanne na goge shi da tsumma mai ɗan mai kafin ya koma mazauninsa. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi na jefa guda biyu a ciki. Akwatin yanzu yana kan katako, ba ya taɓa siminti, kuma akwai tazara tsakaninsa da bango. Ragowar fentin na rufe shi da kyau na ajiye, domin duk inda ya kwarzane har ƙarfe ya fito, zan goge wurin in ɗiga masa kafin ruwan farko ya sauka.