Saƙon Godiya Daga Gidanmu a Sabon Gari

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu.

Ranar Lahadin da ta wuce muka yi sujadar godiya, ni da maigida da yara. Jama'a sun cika majami'a har waje, da yawa ban samu mun gaisa ba, shi ya sa na ce bari in rubuto a nan kowa ya gani.

Gobarar da ta ci Kasuwar Sabon Gari ta Kano ranar Asabar, 26 ga Maris 2016, ana gobe Ista, ta cinye dubban shaguna, har da namu. Kayan kicin muke sayarwa, kuma lokacin muka cika shago da kuɗin adashi da bashi. Da aka bar mu muka shiga, na tarar robobi sun narke sun manne da ƙasa, tukwane sun lanƙwashe, cokula sun dunƙule wuri guda. Washegari ana waƙar tashin Almasihu daga matattu, ni kuwa bakina ya ƙi buɗewa, ƙaurin hayaƙi bai ma bar zanena ba. Ba a jima ba hawan jini ya kayar da maigida, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

A lokacin kowa ya zo jaje sai ya kawo mini labarin Ayuba, yadda Allah ya ninka masa dukiya, tumaki 7,000 suka koma 14,000, raƙuma 3,000 suka koma 6,000. Gaskiya ce, amma tana yi mini zafi, don ni kuɗin magani nake nema. Mama Pasto ce ta zaunar da ni wata rana ta ce, "'Yata, karanta aya ta 11 a sura 42." A nan na ga 'yan'uwan Ayuba da abokansa sun zo gidansa, sun ci abinci tare da shi, sun yi masa ta'aziyya, kowa ya ba shi kuɗi da zoben zinariya. Ashe ta hannun mutane Ubangiji ya fara mayar masa. Mu ma ta nan ya bi da mu.

Iyayena da 'yan'uwana na Zumuntar Mata, kun raba kwana a tsakaninku kuna kawo abinci asibiti, ba a taɓa samun ranar da kula ba ta iso ba. Baba Pasto da dattawan ikilisiya, kun biya mana kuɗin haya a ɓoye, sai daga baya mai gidan ya faɗa mini. Matasa, ku ne masu ɗaga Babanku ku sa shi a Adaidaita Sahu zuwa gashin ƙashi, ku kuma dawo da shi. Allah ya ba ku masu yi muku.

Akwai wanda dole in tsaya a kansa. Alhajin da nake sarin kaya wurinsa Musulmi ne, kuma yana bina bashi mai nauyi. Na je ina rawar jiki in roƙi ya ƙara mini lokaci. Bai bari na gama magana ba, ya rufe littafinsa ya ce, "Madam, wanda wuta ta ci ba a binsa da takarda. Ki ɗauki kaya ki fara, in Allah ya hore kya biya." Da waɗannan kayan na kasa tebur a bakin titi, ana rana ana ruwa. A watan jiya na kai masa ragowar kuɗinsa. Baba Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya albarkaci zuri'arka. Hajiya maƙwabciyata, wadda ta riƙe mini autana duk lokacin da nake jinya, ke ma ba ni da bakin gode miki.

Ba komai ne ya dawo ba. Hannun hagun maigida har yau bai riƙe kofi, babban ɗanmu kuma ya yi asarar shekarun karatu yana taya ni a tebur. Shi ma Ayuba, ko da aka sake ba shi 'ya'ya goma, na farkon da ya binne ba su tashi ba. Amma a Yowel 2:25 Ubangiji ya yi alkawarin mayar da shekarun da fara ta cinye, kuma na ga somin hakan da idona: maigida ya taka da sandarsa daga ƙofa har gaban bagade ba wanda ya riƙe shi, yaron ya koma makaranta, mun kuma kama ɗan ƙaramin shago.

Roƙona ɗaya ne. Cikin waɗanda muka yi asara tare akwai waɗanda har yau ba su farfaɗo ba, wasu sun tattara sun koma garuruwansu, wasu baƙin ciki ya kai su kabari ya bar marayu. Ku sa su a addu'a, wanda kuma ya san inda ɗayansu yake, don Allah ya leƙa shi a wannan mako.