Mawaƙi da jitarsa: kundayen da ake saurara daga farko har ƙarshe

Duk wanda ya tashi a Jos ya san irin mawaƙin da ke tsara waƙarsa da kansa, ya rera ta da bakinsa, ya kuma kaɗa wa kansa. Marigayi Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi aikinsa. Ba 'yan amshi, ba tarin makaɗa, daga shi sai muryarsa da abin da yake son faɗa wa karen mota ko ma'aurata. Da wannan ma'auni na zaɓi kundayen da ke ƙasa: waƙar da in aka kwashe kayan kiɗan situdiyo aka bar murya da tsirkiya, za ta tsaya da ƙafarta.

A fara da kundin Asa na 2007, mai ɗauke da sunanta. Bukola Elemide ce sunanta na yanka, Cobhams Asuquo kuma shi ya haɗa kiɗan. Da Turanci da Yarabanci take waƙa. "Jailer" ce ta buɗe kundin, inda ɗaurarre ke tunatar da gandiroba cewa shi ma a ɗaure yake. Kowa ya san wannan da "Fire on the Mountain", amma daɗin kundin yana cikin waƙoƙin da ba su yi tashe a rediyo ba. A "Eye Adaba" kiɗan ya ja da baya sosai, har kana jin inda take jan numfashi kafin ta ɗauki baiti. Ko ba ka jin Yarabanci za ka gane addu'ar safiya ce. Kundin ya ci kyautar Prix Constantin a Faransa a 2008, kuma a ganina har yau ba ta yi wanda ya fi shi ba.

Na gida biyu ne. Bez Idakula haifaffen Jos ne, kundinsa Super Sun ya fito a 2011, shi ma da hannun Cobhams a ciki. Ka kasa kunne ga hannunsa na dama a kan jita, yadda yake danne tsirkiya ya mai da ita kamar ganga. Sai Jeremiah Gyang da Na Ba Ka, wanda ya nuna cewa Hausar Filato tana zama daram a kan jita da piyano ba tare da an murɗe mata karin harshe ba.

Daga nan sai Mali, inda kunnen Bahaushe ba ya baƙunta. Dalili kuwa shi ne yawancin kiɗan Ali Farka Touré a kan sautuka biyar yake tafiya, irin waɗanda muka saba ji a goge da garaya. Mutane sun fi ambaton Talking Timbuktu na 1994, wanda ya yi da Ry Cooder, makaɗin jita ɗan Amurka, ya ci kyautar Grammy. Ni dai na fi ba da shawarar Niafunké na 1999. A garinsu Niafunké da ke bakin kogin Kwara aka kai kayan naɗi aka ɗauke shi, tare da mutanen da ya saba kiɗa da su, shi ya sa ƙwarya da tafi suka fito kamar kana zaune a tabarma ɗaya da su. Kada ka jira amshi mai saurin kama baki. Jitar tana maimaita zagaye ɗaya ne, canjin yana cikin 'yan ƙananan kwaskwarima da yake yi a kowane dawowa, kuma sai a saurare na uku ko na huɗu kunne ke fara tsinto su. Wanda wannan ya yi masa, ya bi da Fatou na Fatoumata Diawara, na 2011, mai sanyin murya da zafin magana kan halin da mata ke ciki.

Daga Amurka ɗaya ya isa: kundin farko na Tracy Chapman, na 1988, waƙoƙi 11 cikin minti 36 ko kusa da haka. Bayan "Fast Car", ka tsaya a kan "Behind the Wall". Babu kiɗa ko ɗaya a cikinta, murya ce zalla, tana ba da labarin maƙwabciya da ake duka a bayan bango, 'yan sanda kuma kullum sai sun makara.

Yadda ake sauraron irin waɗannan kundaye shi ne inda aka fi yin asara. Lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri, don haka tsirkiyoyin jita masu kauri da dukan ƙwarya sukan ɓace, a bar ka da murya siririya kamar daga cikin gwangwani. Ko abin sawa a kunne mai waya, na kuɗi kaɗan, ya fi ta nesa ba kusa ba. Sai nauyin fayil. In wajen masu turi za ka, yawanci an matse waƙar don ta shiga memori da yawa, matsewar kuma ita ke cinye amon tsirkiya da shaƙar numfashi, wato ainihin abin da ka zo nema. Lissafin mai sauƙi ne: kundi mai minti 45 a kan 128 kbps (kbps shi ne ma'aunin yawan data a kowace daƙiƙa ta waƙa) kusan MB 43 ne, a kan 320 kbps kuwa ya kai MB 108. In ka ga kundi sukutum a MB 20, an gama da shi. Ya fi kyau ka nema a Boomplay ko Spotify, inda mai waƙar zai samu wani abu, ka shiga saiti ka ɗaga ingancin sauti zuwa na sama, ka sauke lokacin da kake da data mai yawa.

A kashe maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi. Mai kundin ya jera su ne da niyya, kuma waya kan jera fayilolin da ba su da lamba bisa haruffa, sai "Awe" ta riga "Jailer" a kundin Asa. In haka ta faru, ka sake wa fayilolin suna, ka sa 01, 02, 03 a gaban kowanne.