Sau uku ana rufe min ƙofar WhatsApp, kuma duk da hannuna

Shadda da yadi nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma rabin cinikina yanzu a cikin waya yake. Mutumin Maradi ko na Damagaram ba sai ya tako Kano ba: in ɗauki hoton kaya in tura masa, ya zaɓa, ya turo kuɗi, yaro ya kai tasha. Saboda haka in na ce muku, ƙannena, sau uku ina tsayawa a bakin ƙofar WhatsApp ɗina ta ƙi buɗuwa, ku sani ba hira na rasa ba, shago ne aka garƙame min. Kuma tsakani da Allah, duk ukun ni na jawo wa kaina.

Na farkon abin dariya ne yanzu. Ranar Litinin 4 ga Oktoba 2021, bayan la'asar, saƙo ya daina tafiya. Ɗan agogon nan na gefen saƙo ya kafe. Na kashe data na kunna, na sayi wata datar, na zare sim na goge shi da bakin riga kamar wani tsohon kaset. Na cire manhajar na sake saukewa, ta ƙi karɓar lambata. Da magariba ta yi zuciya ta ɗebe ni, na mayar da wayar gaba ɗaya yadda ta fito daga kwali. Ashe ba wayata ba ce. A ranar WhatsApp da Facebook da Instagram sun tsaya a duniya baki ɗaya kusan awa shida. Can cikin dare komai ya dawo daidai ga kowa, ban da ni. Lissafin bashin da nake bin mutane, muryoyin da aka turo min na odar kaya, duk sun tafi, domin ban taɓa kunna ajiyar saƙonni a Google Drive ba. Ni a zatona saƙonnina suna can a ajiye a wajen kamfani, in na shiga za su dawo. Ba haka ba ne. Tsofaffin saƙonninka a cikin wayarka suke, in ka share ba ka da ajiya, sun tafi ke nan. Da na leƙa shagon da ke jikin nawa na ce "Malam, naka yana yi kuwa?", da magana ta ƙare a minti ɗaya.

Na biyun ya fi ciwo, kuma shi ne ya fahimtar da ni abin da yawancinmu ba mu gane ba: WhatsApp ɗinka ba a jikin waya yake ba, a jikin layi yake. Wanda duk saƙon tes na wannan lambar yake zuwa hannunsa, shi ne mai shi.

Layin da na buɗe WhatsApp da shi tun farko, wani yaron shagonmu ne ya sayo min, da sunansa aka yi rajista. Daga baya ya koma garinsu, muka rabu lafiya, lambarsa ma ta ɓace min. Ni kuma na sami wani layin da sabis ɗinsa ya fi kyau a unguwarmu, sai na zare tsohon na jefa a durowa. WhatsApp bai ce komai ba, ya ci gaba da aiki da datar sabon layin, domin ba ya tambayar sim sai ranar da za ka shiga a sabuwar waya ko ka sake sauke manhajar. Tun Disambar 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, da na tashi haɗawa sai na haɗa wanda nake kira da shi, na manta da na durowa. Ranar da na canja waya, har na riga na ba mai saye tsohuwar an goge ta tas, sai sabuwar ta ce ta aika lambobi shida zuwa tsohon layi. Na tono shi na saka, babu sabis. Na je ofishin kamfanin layin in yi walkam-bak, matar da ke kan tebur ta duba kwamfuta ta ce, "Alhaji, wannan layin ba sunanka ba ne, kuma ma an riga an ba wani." Ba ta yi min rashin adalci ba, ƙa'ida ce: layin da ya yi watanni ba kira ba kati ba data, kamfani yana karɓe shi ya sake sayarwa.

Abin takaicin, maganin yana cikin tsohuwar wayar da na sayar. A wurin saiti, sashen asusu, akwai inda ake canja lamba. Da na shiga nan tun wayar tana hannuna, na rubuta tsohuwar lamba da sabuwa, da lambobin shidan sabon layina za su zo, guruf-guruf ɗina su biyo ni, har a sanar da mutanena cewa na koma wata lamba. Aikin da bai kai tsawon shan shayi ba. Maimakon haka sai da na bi kwastomomi ɗaya bayan ɗaya, wasu har yau ban same su ba. Kada ka saki tsohuwar waya sai ka ga ka shiga a sabuwa da idonka. Kuma layin da WhatsApp ɗinka yake kai, ya zama da sunanka da NIN ɗinka, kana ɗan sa masa kati lokaci-lokaci ko da ba ka kira da shi.

To, mutumin da ya sha waɗannan biyun ai ka ce ya yi hankali. Ga na ukun.

Wata Laraba ce gab da azahar, shago cike, ina auna yadi da hannu ɗaya waya a kafaɗa. Wani ya kira, Hausa tsantsa a bakinsa, ya yi sallama ya gaishe ni da sunana, ya ambaci guruf ɗin tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Ya ce za a yi taro ta intanet da daddare a kan gudummawar wani ɗan ajinmu da ba shi da lafiya, kowa ana tura masa lambar shiga, "yanzu za ka ga tes, Alhaji, karanto min in sa sunanka a jerin mahalarta." Kafin ya rufe baki tes ya shigo. Na karanta masa lambobi shida. Ya yi godiya har da addu'a.

A jikin wannan tes ɗin an rubuta ƙarara cewa kada a ba kowa lambar. Idona ya tsallake rubutun ya sauka a kan lambobin kawai. Abin da ya faru shi ne, shi ɗin ya rubuta lambar wayata a WhatsApp na tasa wayar, manhajar ta aiko wa mai layi lambar tabbatarwa kamar yadda ta saba, mai layin kuma ya miƙa masa da bakinsa. Ba wani kutse na gwaninta, ba wata na'ura. Sunana da sunan makarantarmu kuwa a guruf ya gan su, domin kwana biyu kafin nan ya yi wa wani ɗan guruf ɗin irin wannan, daga asusunsa ya kwashi lambobinmu.

Ban farga ba sai bayan salla, da na buɗe na ga an fitar da ni. A nan na tafka kuskure na biyu a rana ɗaya. Na rubuta lambata, tes bai zo da wuri ba, na danna a sake turowa, na koma baya, na sake, na fara cusa lambobi na kirdado ko Allah zai sa a dace. Duk dannawar da ka yi a banza ƙara maka lokacin jira take. Daga 'yan mintuna aka mayar da ni awanni. Ina zaune ina kallon agogo yana ƙirgawa a fuskar waya, shi kuwa yana can yana aiki da hotona da sunana: "Salam, don Allah akawun ɗina ya samu matsala, tura wa wannan mutumin dubu arba'in, zuwa dare zan mayar maka." Wasu sun gane, domin ni ba na rubuta "Salam" a gajarce. Gwaggona ba ta gane ba. Jikarta ta karanta mata, ta ce ai ɗan ɗan'uwanta ba ya roƙo sai da dalili, ta aika aka tura a wajen mai POS.

Awannin da na ɓata ina danne-danne, da kira na yi da su. Layina yana hannuna, babu abin da ya hana ni kiran 'yan uwa da manyan kwastomomi da masu kula da guruf in ce a cire lambata, kada kowa ya tura ko sisi. Sai da yamma wannan tunanin ya zo min.

Da lokacin jira ya cika, tes ya zo, na saka lambobin. Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne abin da ya kwantar min da hankali: da zarar mai layi ya saka sababbin lambobin shida, ana fitar da ɓarawon nan take, kuma tsofaffin saƙonninka bai gan su ba tunda a wayarka suke. Amma ni ban shiga ba duk da haka. Manhajar ta ce in kawo lambar sirri ta mataki na biyu, wadda ban taɓa sakawa ba. Shi ya saka ta bayan ya shiga. Ƙa'idar ita ce, in ba ka san wannan lambar ba sai ka jira kwana 7. Mako guda cur shagona na cikin waya a rufe, a tsakiyar kakar bukukuwa.

Wannan kwaɗon da ɓarawo ya datse min, nawa ne, kyauta aka ba ni na ƙi amfani da shi. Yana nan a sashen asusu, ana kiransa tabbatarwa mai mataki biyu: ka zaɓi lambobi shida naka na kanka, ka haɗa da adireshin imel. Daga ranar, ko wani ya yaudare ka ka ba shi lambar tes, zai tarar da ƙofa ta biyu. Imel ɗin kada ka tsallake shi, shi ne zai cece ka ranar da ka manta lambar. Kuma ya zama imel ɗin da ka san kalmar sirrinsa, ba wanda mai shagon waya ya buɗe maka a tsaye shekara biyar da suka wuce ba. Da yawanmu haka muke yawo da imel ɗin da ba mu san mabuɗinsa ba, alhali ajiyar saƙonnin ma a kansa take. A lambobin sirrin shidan kuma, kada ka sa shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka.

Tun daga nan na zama ɗan ƙaramin likitan waya a layinmu, ana kawo min "Alhaji, ta ƙi shiga." Yawanci abin bai taka kara ya karya ba. Wani ya bar sifilin farko bayan +234, alhali lambobi goma ne ya kamata su biyo baya. Wani ɗan Nijar ne da layin can amma ƙasar da aka zaɓa a sama Nijeriya ce, sai an mayar +227. Wani sim ɗin yana cikin ƙaramar wayarsa ta gida, yana nan yana jiran tes a babba. In tes ya ƙi zuwa, jira agogon ya ƙare ka zaɓi a kira ka, murya za ta karanto maka lambobin. Wata wayar kwanan watanta ne ya koma baya bayan batir ya mutu, gyara shi kawai za a yi. Wata kuma ta tsufa ne, manhajar ta daina aiki a kanta, wannan ba ni da maganinsa sai sabuwa. Masu Telegram su ma suna zuwa suna cewa tes bai zo ba, alhali shi sau da yawa cikin manhajar yake aika lambar, a wata na'urar da ka taɓa shiga da ita.

Waɗanda ba na tausaya wa sosai su ne samarin da ke sauke GB WhatsApp da ire-irensa don su ɓoye cewa suna kan layi ko su karanta saƙon da aka goge. Ba na kamfanin ba ne, ba ka san wanda ya ƙera shi ba, kuma ana dakatar da lambar da aka kama tana amfani da shi. Ka je ka rasa lambar da duk dangi da abokan ciniki suka san ka da ita saboda kana son ganin abin da budurwa ta goge? Sauke na gaskiya daga Play Store. Sannan lokaci-lokaci ka leƙa jerin na'urorin da aka haɗa da asusunka, ana iya haɗa har guda huɗu. Wanda ya ari wayarka "zai yi kira" yana iya haɗa tasa cikin daƙiƙu, ya riƙa karanta komai kana nan ba a fitar da kai ba. In ka ga wadda ba ka sani ba, fitar da ita.

Kuɗin Gwaggo na kai mata har gida ranar Juma'ar makon. Ta ƙi karɓa sai da na rantse ba ramuwa ba ce, kyauta ce. Har yau in na tura mata saƙo ba ta amsawa sai ta sa jikarta ta kira ni, ta karɓi wayar ta ce, "Kai ne, ko mutumin nan ne?"