Inda na kwana da giftawar HD 189733 b

'Yan'uwa masu koyon aikin auna giftawar duniyoyi ta gaban taurarinsu, ga inda na kai. Tun da ruwa ya ɗauke nake bibiyar tauraron HD 189733, wanda ke kusa da gajimaren iskar gas na sararin samaniya mai suna M27, a rukunin taurari na Vulpecula. Wata duniya da ke kewaya shi, mai suna HD 189733 b, takan gifta ta gabansa duk kwana 2.2, ta rage haskensa da kusan kashi 2.4 cikin ɗari na kimanin awa ɗaya da minti 50. Ido ba ya ganin wannan ragi, sai an auna. Ga mu da ke yankin Kano, tauraron kan bi kusan saman kai, amma lokacin da ya fi kyau yana faɗowa cikin damina. Don haka ɗan tsakanin nan na kaka, kafin hazon hunturu ya sauko, shi ne damarmu.

A wannan karon zanen haskena, wato zanen hawa da saukar hasken tauraron, ya nuna ɗan kwari sarai, ya sauka ya kuma hau daidai da lokacin da jadawalin ExoClock, shafin intanet mai ba da lokutan giftawa, ya nuna. Ban ƙara girman madubin hangen nesa ba. Abin da ya gyara aikin shi ne taurarin kwatanci.

Bari in tsaya a kan wannan, domin nan ne aikin yake. Hasken tauraro shi kaɗai ba ya gaya maka komai, tunda ƙura da siririn gajimare suna rage shi fiye da yadda duniyar ke yi. Sai ka auna shi da maƙwabtansa a hoto ɗaya, abin da ya rage su duka ya fita daga lissafi. Amma ƙura ta fi cin hasken shuɗi a kan ja, kuma HD 189733 launinsa ruwan lemo ne. Idan ka haɗa shi da tauraro mai shuɗi-shuɗi, zanen zai riƙa karkata yayin da suke gangarawa yamma. A AstroImageJ, manhajar auna hasken taurari a hoto, na bar waɗanda launinsu da ƙarfin haskensu suka yi kusa da nasa, na cire sauran.

Nakan ɗan kwance saitin ruwan madubi, hasken ya bazu kan ɗigogin kyamara da yawa, saboda tauraron yana da haske sosai. Nakan fara ɗauka awa guda kafin giftawar, in ƙara awa guda bayanta. Ku lura jadawalin da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, yake tafiya, namu yana gaba da awa ɗaya.

Masu ƙaramin madubi kada ku karaya: a 1999 masana taurari David Charbonneau da Timothy Brown da madubi mai faɗin santimita 10 suka kama giftawar wata duniya mai suna HD 209458 b. In Allah ya kai mu bazara, duniyar WASP-43 b zan gwada, mai kewaya tauraronta cikin ƙasa da awa 20. Tauraronta ya fi wannan dushewa nesa ba kusa ba, don haka tun yanzu nake gyara na'urar bin taurari.