Alhamdu lillahi, yarona ya gama magani

Jiya yarona ya haɗiye ƙwaya ta ƙarshe ta maganin kuturta. Wata shida cur. Kun bi mu tun farko, ba sai na maimaita ba. Jikina duk ya mutu, amma ba zan kwanta ban yi godiya ba.

Ranar auduga ce ba za ta bar raina ba. A asibitin fata na nan Yamai, likita ta sa ya tuɓe riga ya rufe ido, ta riƙa taɓa bayansa da ɗan silin auduga. Inda fata ke lafiya sai ya nuna da yatsa. Da ta kai kan tabon nan mai haske, wanda muka daɗe muna shafa wa maganin kyasfi, shiru. Ta sake taɓawa, shiru. Yaro na ta murmushi, yana jiran a taɓa shi. Ni kuwa gwiwoyina suka yi sanyi, don na ji ana cewa tabon kuturta ba ya jin taɓi.

Na fito da karne, ɗan littafin asibiti, a hannu, an rubuta "makul ipokromik", abin ya fi ƙarfin faransancina. Majo, babban nas na asibitin, na san ba ka son a ambace ka, ka yi haƙuri. Kai ka zaunar da ni a benci ka ce: "Malam, makul tabo ne shimfiɗaɗɗe, launi kawai ya sauya, in ka shafa ba ka jin tudu. Ipokromik kuwa, ya fi sauran fata haske. In ya taso kamar ƙwayar gero, papul ke nan. In ya yi ƙululu a cikin nama, nodul. Ƙarami mai ruwa irin na ƙarambau bezikul ne, babba irin bororon ƙuna shi ne bul." Ka ƙirga tabon, 3 ne. Ka ce tunda bai wuce 5 ba wata 6 ne, da ya haura sai wata 12, kuma maganin kyauta ne, wanda ya fara sha ba ya sa wa kowa. Sannan ka jawo yaron jikinka, ka dafa kansa da hannunka a gaban mutane. Allah Ya dafa maka duniya da lahira, Ya raya zuri'arka, Ya jiƙan mahaifanka, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Gwaggo, kin taso tun daga Tawa da ciwon ƙafarki, kika sa hannu a kwano ɗaya da shi. Mushen ajinsu bai raba shi da bencinsa ba, har lokacin da magani ya sa fatarsa ta yi duhu. Maƙwabcina mai taksi, kowane wata kai ke kai mu, ko dala ba ka taɓa karɓa ba. Allah Ya saka muku da Aljanna, Ya tsare ku daga ganin irin wannan a kan ƴaƴanku.

Akwai ƴan'uwa na jini da ke cikin garin nan, tsakaninmu bai wuce kuɗin taksi ba, sai dai gaisuwar waya. Ban riƙe kowa ba. Amma ranar Sallah yaron ya sa sabuwar rigarsa ya zauna a zaure har la'asar, yana tambayata yaushe ƴaƴan baffansa za su iso.