Sagewar hannu da ƙafa ba kullum sanyi ba ne

A unguwannin Aboabo da Asawase na birnin Kumasi a Ghana, duk wanda ƙafarsa ta sage ko yatsunsa suka riƙa zogi kamar ana soka masa allura, sai a ce sanyi ne ya kama shi, a nemi man zafi ko a kira wanzami ya yi ƙaho. Sau da yawa kuwa jijiya ce aka danne, kuma inda ake jin ciwon ba nan ne tushensa ba.

Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai guringuntsi mai laushi. Idan ya zame ko ya bullutso, sai ya matse jijiyar da ke fitowa daga laka. In a wuya abin ya faru, zogin yakan gangara ta kafaɗa har yatsu. In a kwankwaso ne, yakan bi ta mazaunai zuwa bayan cinya har tafin ƙafa, yawanci ɓangare guda. 'Yan matan da ke dakon kaya a ka a kasuwar Kejetia su ne suka fi tsaya mini a rai, domin gammo yana kare fatar kai ne kawai, nauyin kuwa wuya ne ke ɗaukarsa. Direbobin trotro, wato ƙananan bas na haya, da ke yini a zaune ma ba su tsira ba. Tsufa da ƙiba da juna biyu da ciwon sukari duk suna ƙara haɗarin.

Yatsun da suka sage suna nuna wurin matsalar. Babban yatsa da manuniya da na tsakiya, musamman idan suna tada mutum cikin dare, sukan nuna matsi a wuyan hannu, abin da teloli da masu kitso suka sani. Ƙaramin yatsa kuma yakan nuna gwiwar hannu.

Yawancin irin wannan ciwo yakan lafa cikin makonni idan aka rage aikin da ya jawo shi, aka kuma je gashin ƙashi. Abin da nake tsoro shi ne shan tramadol don a ci gaba da aiki, saboda rashin ƙarfin gaɓa ya fi zafin muhimmanci. Wanda kofi ke suɓuce wa daga hannu, ko yake jan ƙafa yana tuntuɓe, ya ga likita ba tare da jinkiri ba. Idan kuma tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suka riƙa kuɓucewa, a wuce sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye a ranar, ko da tsakar dare ne, domin jinkiri na iya barin lahani na dindindin.